Masai ya toshe? Ka bi hanyar ruwan tukuna kafin ka fasa tayil

Yawancin kuɗin da mutane suke asara a kan matsalar banɗaki, gyaran wurin da lafiyarsa ƙalau ne yake cinye su. Ruwa ya taso a masai ya ƙi tafiya, sai a tura yaro ya siyo asid a antaya, bai yi ba a ɗauko rodi a yi ta zungura, bai yi ba a ce ai sai an fasa tayil, alhali kuwa wataƙila matsalar ma ba a cikin banɗakin take ba, tana can bayan gida ƙarƙashin silab ɗin da ba wanda ya taɓa ɗagawa tun ranar da aka tare. Ni abu ɗaya nake so ka riƙe a wannan rubutun, ka gano inda ruwan ya tsaya kafin ka taɓa komai. In ka gano wannan ko fulamba za ka kira ba wanda zai yi maka wayo, kuma sau da yawa ma da kanka za ka gyara.

Toh bari mu fara da hanyar da ruwan yake bi, dan in ba ka santa ba ba yadda za a yi ka bi sawunsa. Ruwa yana tasowa daga tankin filashin ya sauka cikin tangaran, a ƙasan tangaran ɗin akwai wata lanƙwasa da take riƙe ɗan ruwa kodayaushe, wannan ruwan da kake gani a kwance ba datti ba ne, shi ne yake tare wari da kyankyaso kada su dawo ɗaki. Daga lanƙwasar sai bututu mai inci huɗu, ya fita ta bango ko ta ƙasa ya faɗa camba, wato ɗan ramin nan mai murfi da ake ginawa a jikin bango ta waje. Daga camba sai safti tanki inda kashi yake kwanciya ya narke, sai ruwan sama-sama ya tsallaka sokawe, ƙasa ta shanye shi. A gefe kuma akwai bututun iska da yake miƙewa sama ya wuce rufi. In ka cire wasu unguwannin Abuja da suke haɗe da babban bututun gwamnati mai zuwa matatar Wupa, kusan duk gidajenmu masu masan filashin haka tsarin yake, sai dai wasu magina sukan haɗe safti tanki da sokawe su yi rami ɗaya dan rage kuɗi. A ɗaya daga cikin wuraren nan ruwanka ya tsaya.

Kafin komai, a daina filashin. Kowa da ya shiga ya ga ruwa a tsaye sai ya sake dannawa wai ko zai tafi, haka ake yi har ya tumbatso ya malale tsakar ɗaki. Ka rufe ɗan famfon da yake ba tankin ruwa, yana nan a jikin bango ta ƙasa, ka gaya wa mutan gida su koma wani banɗakin. Ka nemi safar hannu ta roba doguwa, da takalmin roba, da bokiti biyu, da tocila, ka buɗe taga.

Tambayoyin da za su rage maka wahala

Ka tsaya ka tambayi kanka da iyalinka, masai ɗaya ne yake wannan abin ko duk na gidan? In guda ɗaya ne sauran suna tafiya lafiya, toh matsalar tana jikinsa ko a ɗan bututun da ya fita daga shi. In kuwa duk sun yi sanyi lokaci ɗaya, ko kuma ka yi filashin a nan ruwa ya ɓullo ta magudanar wanka a can, ka bar tangaran ya huta, abin yana gaba.

Sannan farat ɗaya ya faru ko a hankali? Wanda jiya lafiya lau yau ya tsaya cak, wani abu ne ya faɗa, ka tambayi yara cikin lallashi dan in ka yi musu tsawa ba wanda zai faɗa maka shi ya jefa murfin buta ko soson wanka. Wanda kuma ya yi wata da watanni yana raguwa kaɗan-kaɗan, wannan ko dai bututu ne yake tara datti ko rami ne yake cika. In kuma sai an yi ruwan sama mai yawa yake tsayawa, rani na yi ya warware, wannan kusan kodayaushe sokawe ne.

Yanzu sai gwajin bokiti. Wannan gwajin ana yinsa ne in ruwan yana tafiya amma ba ƙarfi, ba in ya cika taf ba. Ka cika bokiti kamar lita 10, ka juye shi gaba ɗaya cikin masan da sauri daga tsayin ƙugunka. In ya zuƙe komai ya tafi fes, toh albishirinka, hanyar a buɗe take, tankin filashin ne baya sako ruwa yadda ya kamata. In kuwa ya taso ya tsaya yana sauka a hankali, akwai toshewa da gaske.

In tankin ne, ka ɗaga murfinsa ka leƙa. Ruwan ya kamata ya kai ɗan ƙasa kaɗan da bakin bututun rarar ruwa, wasu tankunan ma akwai layi a jiki. Tsofaffin tankuna suna sakin wajen lita 9, na yanzu masu maɓalli biyu lita 6 ne a babba, 3 a ƙarami, dan haka in ya tsaya a rabi ba zai tura komai ba. Ka daidaita ƙwallon robar nan mai tasowa ko ka matsa shi sama. In hannun ne kake ta dannawa sau uku sau huɗu kafin ya kama, ledar da take cikin sayfon, wato abin robar nan na cikin tankin da yake zuƙo ruwa ya sako shi masai, ita ce ta yage, ana siyar da ita ko sayfon ɗin gaba ɗaya a wajen masu kayan famfo, ka tafi da tsohon a hannu dan kar a ba ka wanda ba girmansa ba. Akwai kuma ƙananan hudoji a ƙarƙashin leɓen tangaran da ruwa yake fitowa ta ciki, ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri yana toshe su da farin ƙanzo, ka sa ɗan madubi ka duba, ka zungure su da siririyar waya, ka jiƙa tsumma da binega ka manna a wurin ya kwana.

Ɗaga murfin camba

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Ka zagaya bayan banɗakin ka nemo cambar da bututunsa yake faɗawa, in an shafe murfin da siminti ka bi gefen da kurfi a hankali ka ɓanɓare. Ka ɗaga ka ja da baya, ka bar iskar ta fita na ɗan lokaci, kada ka kifa fuskarka a kai.

In ka samu cambar ba ruwa a ciki ko ɗan kaɗan ne yake bi ta kwarin da aka yi mata, ka sa wani ya zuba bokiti a masai kana kallo. Bai iso ba ko yana ɗiga-ɗiga? Toshewar tana tsakanin masai da camba. In kuwa ka samu cambar a cike maƙil, toh masanka ba shi da laifi ko kaɗan, abin yana tsakanin camba da tanki ko a tankin kansa. In gidan yana da camba fiye da ɗaya ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ka zo inda wannan a cike take ta gabanta kuma a bushe, tsakaninsu ne wurin aikinka. Kaga cikin minti goma ka san ɓangaren da za ka fuskanta, ba ka fasa komai ba.

In ka duba ka rasa camba kwata-kwata, wato an ja bututu kai tsaye daga masai zuwa rami, ka sa a ranka cewa bayan wannan gyaran sai ka gina ta. Bulo kaɗan ne da rabin buhun siminti.

In a jikin masan ne

Ka fara da hannu. Na san ba daɗi, amma in sabulu ne ko burushi ko abin wasan yaro ya maƙale a bakin lanƙwasa, gara ka ciro shi ta inda ya shiga da ka tura shi ya je ya tsaya inda hannu ba ya kaiwa. Ka kwashe ruwan da wani tsohon kofi zuwa bokiti, ka sa safar hannu ka ɗora leda mai kauri a kai ka ɗaure a damtse, ka lalubo.

In ba ka taɓo komai ba, kuma kana zaton tishu ne da bayan gida suka cunkushe, ka zuba sabulun wanke-wanke na ruwa kamar rabin kofi, ka bi shi da ruwa mai ɗumi sosai rabin bokiti, ka ba shi minti 20 zuwa 30. Mai ɗumi na ce, ba tafasasshe ba, tafasasshen ruwa yana tsaga tangaran, kuma in ya tsage ba ya gyaruwa sai sabo.

Daga nan sai fulanja, robar nan mai sanda. Mutane da yawa suna da ita amma ba su iya aiki da ita ba shi ya sa suke cewa ba ta yi. Dole ruwa ya rufe kan robar, in ba ruwa ka ƙara, dan ruwa ne yake tura toshewar ba iska ba. Ka ɗora ta a karkace iskar ciki ta fita, ka danna na farko a hankali har ta kama bakin ramin, sannan ka shiga dannawa da fizgowa da ƙarfi kamar sau 15 zuwa 20 ba tare da ka ɗaga ta ba, kuma fizgowar nan ta ma fi dannawar amfani dan ita take sassauta abin da ya cushe. In magudanar wanka tana haɗe da bututun ka toshe ta da jiƙaƙƙen tsumma, in ba haka ba duk ƙarfinka ta can zai fita. Wanda ba shi da fulanja ya naɗe kan mofa da leda biyu ya ɗaure tam, tana yi, musamman a masai na tsuguno.

Bai tafi ba? Sai sifirin, wayar nan mai lanƙwashewa da ake murzawa. Ka tura a hankali kana murzawa har ka ji ta tokare, ka ci gaba da murzawa ba da ƙarfin tsiya ba, ka janyo ka ga abin da ta kamo. In ta fito da auduga ko leda ko gashi ka san abokin faɗanka. Rodin gini kam kar ka kuskura, ba ya lanƙwasa, ƙasan tangaran yake hudawa, sai ka wayi gari ruwa yana tsatsafowa ƙarƙashin tayil.

Abu na ƙarshe shi ne cire masan. In da kusoshi aka ɗaure shi abu ne mai sauƙi, ka rufe ruwa, ka kwashe na tanki da na ciki, ka kwance, ka ja shi gaba ya fita daga robar da ta haɗa shi da bututu, ka kifa shi a kan buhu ka duba ta baya. Ka cusa babban tsumma a bakin bututun saboda wari, babba fa, wanda ba zai faɗa ciki ba. In za ka mayar ka sa sabuwar roba. Amma in da siminti aka dasa shi kamar yadda ake yi a yawancin gidajenmu, ko kuma na tsuguno ne da aka binne a daɓe, gaskiya ka kira fulamba, dan da wuya wanda bai saba ba ya cire shi bai fashe ba.

Maganar asid da sauran abubuwan da ake zubawa

A nan zan ɗan daɗe dan abin yana damuna. Asid ba ya narkar da pampas, ba ya narkar da leda, ba ya narkar da dutsen da wani ya yi tsarki da shi ya jefa. Abin da yake yi shi ne ya zauna a cikin ruwan da ya tsaya, sai wanda ya zo da fulanja daga baya ya fallatsa masa a ido. Kostik soda kuma zafi take yi sosai in ta haɗu da ruwa, tana iya laushe bututun roba marar kauri, in ta yi yawa ma ta dunƙule ta zama wata toshewar. Wanda ya fi duka haɗari shi ne haɗa asid da Hypo ko Jik, wannan haɗin iskar kulorin yake fitarwa, a ɗan ƙaramin banɗaki mai rufaffiyar taga tana iya kwantar da mutum a asibiti. In an riga an zuba wani abu, dan Allah ka faɗa wa wanda zai yi aikin tun kafin ya sa hannu, haƙƙinsa ne ya sani.

Haka masu zuba kalanzir da baƙin mai a rami wai dan kashe kyankyaso da wari. Safti tanki da ƙwayoyin halitta yake aiki, su ne suke cinye kashin su rage shi, in ka dame su da mai da magunguna ramin zai riƙa cika da wuri, man kuma ya je ya shafe jikin sokawe ya hana ƙasa shan ruwa, ragowar ya gangara rijiyar maƙwabta. Kabayit kuwa in ya haɗu da ruwa gas yake fitarwa mai kama wuta, irin wanda masu walda suke amfani da shi, ba abin sa wa a rufaffen rami ba ne.

In a bututu ne

Daga camba ake bugun bututu. Fulamba suna da sanduna masu haɗuwa da juna, in ba ka da su ka samu tiyo mai tauri ko siririn fayif na roba mai lanƙwashewa. In toshewar tana sama, ka tura daga camba zuwa wajen masai, amma ka tsaya a gefe dan in ta ɓalle da ƙarfi take zuwa, kuma ka tare bakin fita da wani abu mai raga dan abin da ya fito kar ya wuce gaba ya sake toshe maka can. In da sanduna masu zare kake aiki, ɓangaren dama kawai ake murzawa, in ka juya hagu sai ɗaya ta kwance ta zauna a ciki. Bayan ya buɗe ka kora bokiti uku ko huɗu a jere.

Yanzu in ka buɗe yau, bayan sati biyu ya koma, ka sake buɗewa ya sake komawa, toh bututun kansa ne yake da aibu, kuma abu huɗu ne suka fi yawa. Na farko gangara. Bututu mai inci huɗu yana son ya sauka kamar santimita 2 zuwa 2 da rabi a kowace mita, wato a tsawon mita 4 ya sauka wajen santimita 10. In an kwantar da shi a miƙe ko tsakiyarsa ta lotsa saboda ba a daddage cikon ƙasa ba, ruwa zai riƙa kwanciya yana tara datti. Za ka gane wannan in ka haska tocila daga camba ka ga ruwa kwance a cikin bututun alhali ba wanda ya yi filashin. Na biyu saiwar bishiya, darbejiya da cediya da durumi da mangwaro duk suna bin danshi, mahaɗar da ba a sa mata gam da kyau ba ta nan siraran saiwoyi suke shiga su cika bututun. Na uku bututu marar kauri da aka binne sama-sama a inda mota take fakin, ya lotse ko ya fashe. Na huɗu kuma a sabon gida, ragowar siminti da yashin da masu tayil suka wanke a ciki ya daskare. Duk waɗannan ba abin da za ka zuba ya gyara, tonowa ake yi a canja wannan gaɓar, a sa mai kauri, a shimfiɗa masa yashi a ƙasa, a kuma rage elbo masu kaifin kwana, in dole sai an yi kwana a sa biyu masu sassauci ko a gina camba a wurin.

Bututun iska

In masai yana yin gul-gul-gul bayan filashin, ko ruwan da yake kwance a ciki yana raguwa da kansa wari yana shigowa, ka tuhumi bututun iska. Kamar jarka ce in ka kifa ta gaba ɗaya, ruwan sai ya riƙa fita da ƙyar yana shaƙewa dan iska ba ta samun hanyar shiga. Gwajin ba wuya, ka buɗe murfin camba ka yi filashin, in ya tafi lafiya ka rufe ka sake, in ya koma gardama toh iska ce. Tsuntsaye suna sheƙa a bakinsa, zanzaro yana gini a ciki, wani lokacin ƙadangare ne ya faɗa ya mutu. A hau a zura tiyo a kora ruwa, a ɗaure masa raga a baki saboda ƙuda da sauro. Wanda zai hau rufin kwano ya bi layin ƙusoshi kuma wani ya riƙe masa tsani. Wasu gidajen ma ba a sa bututun ba sam, ko an yanke shi daidai taga, a ƙara masa tsawo ya wuce rufi.

Safti tanki da sokawe

In cambar ƙarshe a cike take, sai a buɗe murfin tanki. Ga inda ake cutar mutane da yawa, ana buɗewa a nuna maka ruwa a ce ka gani ya cika sai an kira mota. Safti tanki mai lafiya dama kullum da ruwa yake, har zuwa ƙasan bututun da yake fita zuwa sokawe, haka aka tsara shi. Abin dubawa shi ne ina ruwan ya tsaya. In yana daidai ƙasan bututun fita, bututun shiga kuma yana sama da ruwa, toh tankin lafiya, toshewar tana tsakanin camba da shi, galibi a bakin shiga inda pampas da audugar mata da leda suke taruwa, a zungure daga sama da doguwar sanda. In kuwa ruwan ya haura ya nutsar da bututun shiga, ko dai mafitar ce ta toshe ko sokawe ya daina sha.

Dan sanin ko lokacin yashewa ya yi, ka samu doguwar gora ka naɗe ƙasanta da farin tsumma kamar tsawon mita ɗaya, ka zura har ƙasa ka bar ta minti kaɗan ka zaro a hankali. Baƙin shatin da ya fito shi ne kaurin laka. In ya kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwan a kira masu mota. Yawanci duk shekara 2 zuwa 5 ne, ya danganta da girman ramin da yawan mutan gida. In sun zo ka tsaya a kansu su dama su zuƙe lakar ƙasa, dan in ruwan sama kawai suka ɗiba ba a yi komai ba. Kuma ka tambaye su inda za su zubar, wanda zai juye a lambatu ko a kududdufin unguwa da daddare kai ma kana da kamasho a cikin amai da gudawar da za ta biyo baya, ga kuma duba-gari.

Maganar da ba na so ka manta, kada kowa ya shiga ramin nan. Ko an yashe shi. Akwai iska mai warin baragurbi da take kwanciya a ƙasa dan ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta yi yawa hanci ma daina jinta yake yi, mutum sai dai ya yanke jiki ya faɗi. Abin da ya sa ake rasa mutum biyu uku a rami ɗaya shi ne na farko ya faɗi, ɗan'uwansa ya diro ceto shi ma ya faɗi. In hakan ta faru, Allah ya kiyaye, a kira 'yan kwana-kwana ko 112, a buɗe duk murafen, kar wani ya bi shi. Akwai kuma wata iskar mai kama wuta, dan haka ba ashana, ba sigari, ba kyandir a bakin rami, tocila kawai. Tsohon silab da rodinsa ya yi tsatsa kar a taru a kansa, kuma ko minti ɗaya kar a bar rami a buɗe a gidan da yara suke.

In an yashe, bayan 'yan makonni abin ya dawo, sokawe ya mutu. Alamarsa ƙasar wajen kullum a jiƙe, ciyawa ta yi kore shar ko da rani, ga wari. Abin da yake kashe shi laka ce da maiƙo da suka tsallako daga tankin da aka daɗe ba a yashe ba suka toshe jikin ƙasar. A unguwannin da suke fadama ko ƙasar yumɓu kuma, watan Agusta na yi ruwan ƙasa yake tasowa ya cika ramin da kansa, mota ta zuƙe yau gobe ya dawo, kuɗinka kawai kake zubarwa.

Kafin ka haƙa sabo ka fara rage masa kaya. Ka duba ko ruwan indararo yana gangarawa kan murfin, ka ɗaga bakin da bulo ɗaya ka karkatar da ruwan. Ka raba ruwan wanka da wanki da na kicin ka yi musu nasu ɗan ramin daban. Ka lissafa ma, gida mai mutum 10 in kowa ya yi filashin sau 5 a rana da tanki mai lita 6, lita 300 kenan kullum ban da wanka. Sannan ka gwada ko tankin filashin yana yoyo a ɓoye, ka ɗiga bular wanki a cikinsa ka bar shi rabin awa ba a taɓa ba, in ka ga shuɗi ya sauko cikin tangaran robar ƙasa ta mutu, dare da rana ruwa yake tsiyaya cikin raminka, ka canja ta.

In duk an yi wannan bai isa ba sai sabon sokawe. Ka fara tona ɗan rami a inda kake so ka cika shi da ruwa ka ga yadda ƙasar take sha, in ya kwana bai ragu ba ka canja wuri. A jera bulon da tazara a tsakani ba a yi masa fulasta ba, a zuba tsakuwa a bayansa, ƙasan kuma kar a daɓe shi da siminti. A inda ruwan ƙasa yake kusa, mai faɗi marar zurfi ya fi mai zurfi, ana son ƙasan ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa da damina. Tsakaninsa da rijiya kuma abin da masana lafiya suke ba da shawara shi ne mita 30, na san a fili mai ƙafa 50 ta 50 wannan ba ya samuwa, toh a kai shi can ƙarshen da ya fi nisa da rijiyarka da ta maƙwabcinka, ta ɓangaren gangare, ruwan rijiyar kuma kar a sha sai an tafasa ko an sa masa magani. Tsohon ramin kar a cike shi da ƙasa, a bar shi ya huta, a haɗa su da camba yadda za a iya juya ruwan daga wannan zuwa wancan.

In a bene kake ko gidan haya, ka leƙa wajen na ƙasa da kai kafin ka fara komai, dan in babban bututun da ya sauko ne ya toshe, duk filashin ɗin da kuka yi a sama a banɗakinsa yake fitowa. Ku haɗu ku dakatar da ruwa, ku sanar da mai gidan, a buɗe cambar da take gindin bututun a fara daga nan. Bayan an gama aiki a wanke wurin da kayan aikin da Hypo da ruwa, shi kaɗai ba a haɗa shi da komai ba, a sa kwandon shara mai murfi a kowane banɗaki saboda pampas da auduga, murfin camba kuma a mayar da shi da siminti mai rauni wanda yashi ya fi yawa yadda gaba za a iya ɗagawa ba sai an fasa ba.